Naman da Na Ɓata da Hannuna

A watan Satumba, lokacin farautar kwari da baka a jihar Kolorado ta Amurka, dare kan yi sanyi sosai a kan tsaunuka, rana kuwa ta ƙwalle. Sanyin daren nan na dogara da shi. Dab da magariba na harbi namijin elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa da kan wuce kilo 300, a tsaunukan Flat Tops kusa da garin Meeker. Na yi bisimilla, na same shi da sauran rai na yanka, na farke ciki na fitar da kayan ciki. Abokin tafiyata, wani dattijo ɗan yankin, ya ce in feɗe shi a daren ko da fitilar goshi ce. Gajiya ta sa na ƙi. Na bar shi kwance da fatarsa sai da safe.

Zafin jikin elk yana kai maki 38 zuwa 39, fatarsa kuma mai kauri ce, an halicce ta don ta riƙe ɗumi a tsakiyar hunturu. Bayan rai ya fita ma ba ta daina wannan aiki ba. Gefen da ke ƙasa bai sha iska ko kaɗan ba, kuma a dabba mai wannan girma ruɓa daga ƙashi take farawa, a ƙugu da wuya da kafaɗa, inda ido ba ya gani.

Da safe na ƙara wani kuskuren a kan na jiya. Na cusa naman a leda da sauran ɗuminsa, na danna a kula, na zuba ƙanƙara a sama, na rufe, na kama hanya. Kula ba ta ƙirƙirar sanyi. Abin da ka ba ta shi take riƙewa, kamar yadda take riƙe zafin tuwo. Ƙanƙarar ta narke, ruwa ya shiga ledojin.

Da na buɗe a gida, wani wari mai tsami ya buge ni. Naman da ke jikin ƙashin ƙugu ya yi kore-kore. Cinya guda da wuya duka na zubar. Dokar Kolorado ta hana mafarauci yin watsi da naman da ke ciwuwa, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na ɗauki ran dabba da sunan Allah, sannan na kai rabonta bola saboda son barci.

Yanzu ba na barin dabba ta kwana da fata. Ina feɗewa nan take, in raba ta huɗu, in tsaga cinya har ƙashi don zafi ya fita. Naman yana shiga buhun yadi mai shan iska, a rataye shi a inuwa kusa da rafi har samansa ya bushe. Sai ya huce tukuna yake shiga kula, a kan gorunan ruwan da aka daskarar, da mafitar ruwa a buɗe, sanyin kuma kada ya haura maki 4.

Ɗan'uwa, in dare ya same ka a kan dabbarka, kunna fitila ka feɗe ta kafin ka kwanta.