Ciyawar Garejin Baba

Wata Laraba cikin watan Agustan 2024 ƙanwata ta turo min hoto ta WhatsApp. Gamsheƙa ce a miƙe, matacciya, a bakin rijiyar gidanmu da ke Magama, can Jibiya, an ajiye silifas kusa da ita don a ga tsawonta. A ƙasan hoton ta rubuta cewa Inna ce ta fara ganinta, da asuba, ta fito ɗebo ruwan alwala. Ina Kano a lokacin, gaban kwamfuta, ina gyaran wata manhaja ta wani kamfanin waje da nake yi wa aiki daga ɗakina. Na rufe aikin. Kafin azahar na riga na yanke wa ciyawar gidanmu hukunci.

Sai na yi bayanin gidan kafin a gane girman abin. Baba, Allah ya jiƙansa, harkar manyan motoci ya yi. Ya sayi fili a bayan gida ya kewaye shi da katanga, domin direbobin da ke jiran takardun tsallakawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi su riƙa kwana da motocinsu, suna biyansa. Ina yaro, ƙarar tirela ce ke tashe ni. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, motoci suka ɗauke ɗif. Iyakar Jibiya ba a sake buɗe ta ba sai Afrilun 2022, kuma Baba bai ga ranar ba. Tun daga nan filin ya zama na damina. Har yau sunansa gareji a bakinmu, amma da ruwa ya sauka sau uku sai ciyawa ta kai ƙugu.

Ni kuwa abin da aka koya min a jami'a, kuma nake ci da shi, shi ne in an kawo matsala a auna ta, a jera hanyoyin magance ta, a zaɓi mafi inganci. Na buɗe Google Maps na zagaye filin daga sama: eka ɗaya da ɗan ɗoriya, wato sama da murabba'in mita 4,000. Na taɓa ganin injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta a harabar wani otal a Abuja, ya burge ni. Na ce shi ke nan, shi zan saya wa Inna.

Sati biyu na yi ina wannan bincike, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Na yi jadawali mai layi-layi: John Deere, Husqvarna, da wasu na China da ban iya faɗin sunansu ba. Na koyi cewa abin da ake fara dubawa faɗin bakin yanka ne, kuma mai inci 42, wato ɗan sama da mita ɗaya, shi ya dace da fili irin namu. Na buga lissafi: in yana tafiyar kilomita 6 a awa, bai fi awa ɗaya ya share garejin ba, ko da an haɗa da juye-juye. Na koyi bambancin mai sitiyari da mai sanduna biyu da ke juyawa a inda yake tsaye. Na kalli bidiyon Turawan Amurka suna gardama a kan bel da wuƙa da matatar iska har ƙarfe biyun dare. Sabo dai miliyoyi ne, domin tun da aka saki naira a 2023 duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabo. Sai na koma neman na hannu.

A nan ɗan iyaka ya motsa a jikina. Mu da muka tashi a Magama mun san kaya na hannu daga Kwatano suke bi su zo Maraɗi, daga Maraɗi su gangaro mana. Na kira wani abokin Baba da ke can. Ya yi dariya ya ce, “Yaro, ka kwana biyu ba ka zo gida ba.” Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hanyar ta lalace. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024, amma tsakanin Nijar da Benin har lokacin a rufe yake, kaya sai sun zagaya ta Lome da Burkina Faso. Ya ce ko an samo min, kuɗin hanya sai ya haɗiye arhar. Daga baya na samu wani a Legas, mai shi ya turo bidiyo yana ta da shi, muka yi ciniki, na ce ya ba ni kwana biyar. Niyyata in je gida in auna faɗin ƙofar garejin, in dawo in tura kuɗi. Iyakar abin da na ga ya rage ke nan: ƙofa.

Na tashi daga Kano da safe, na sauya mota a Katsina, muka bi ta shingayen hanyar Jibiya ɗaya bayan ɗaya har na daina ƙirgawa. Da yamma na nuna wa Kawu bidiyon. Ƙanen Inna ne, bakanike, shekara talatin yana kwance inji yana ɗaurawa. Ya kalla sau biyu, bai ce komai ba, ya ce in biyo shi. Muka shiga garejin. Ya sa ƙafa ya ture ciyawa, ya duƙa ya ɗauko wani ƙaton noti mai tsatsa ya sa min a hannu. Taku uku, ya ɗauko guntun sifirin. Taku biyar, rabin bulo.

“Wuƙar abin nan da gudu take juyawa ko?” Na ce ƙwarai. Ya ce, “To in ta daki wanga, ko ta karye, ko ta harba shi. Mi ke bayan katangar can?” Makarantar allo ce. Ya ci gaba da lissafo min abin da babu a jadawalina. Tayoyinsa ƙanana ne masu taushi, filin kuwa ƙaya ce da tsidau, kullum sai faci. In bel ya tsinke babu mai shi a Jibiya, da wuya a Katsina. Mai kuma, tun Nuwambar 2019 da aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garinmu ya saba da man jarka na 'yan bumburutu, wanda ba ya rasa ƙura da ruwa. Kafiretar Bature ba za ta jure ba. Sannan ya yi tambayar da ta fi ba ni haushi, don ban da amsarta: “Wa zai hau?”

Duk da haka ban sallama ba. Na kwanta ina cewa ƙarfe a tsince shi, mai a tace shi, yaro a koya masa. Irin wannan taurin kan na san shi a wurin aiki: in ka riga ka ƙaunaci maganinka, duk wanda ya kawo cikas sai ka gan shi kamar ƙaramin kuskuren da za a gyara daga baya.

Da gari ya waye, bayan mun dawo masallaci, na ji motsi a garejin. Na leƙa. Mutum bakwai na ƙirga. Wani dattijo da lauje, mata uku, sauran yara. Ba hayaniya, kowa da ɓangarensa kamar an raba musu da igiya. Dattijon yana yankan kyasuwa yana tarawa. Wata mata tana tsinkar tafasa a cikin kwarya, ba ta taɓa ciyawar ba sam. Can jikin katangar gabas akwai gamba da ta fi ni tsawo, babu wanda ya kusance ta. Suka gaishe ni da ladabin da ya sa na ji kunya, irin gaisuwar da ake yi wa mai gida.

Na koma ciki na tambayi Inna. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, kuma ba ta cika kallona in tana magana ba. Tana tankaɗe ta ce, “Baƙinmu ne.” Mutanen ƙauyukan yamma ne, na wajen daji, da 'yan bindiga suka tasa. Tun 2022, lokacin da mutanen Shimfiɗa da wasu garuruwa suka kwararo cikin Jibiya, wasunsu ba su koma ba. Dattijon da garken shanu gare shi. Ya iso da awaki huɗu da jikoki. Ciyawa tana nan a daji fal, amma wa zai je? Wanda ya yi nisa da gari da lauje yana iya zama kuɗin fansa. A kasuwa kuwa ciyawa kuɗi ce, ɗauri-ɗauri ake sayar da ita. Sai Inna ta buɗe musu ƙofar garejin. Gida biyar ke ci a ciki. Kyasuwa ta awaki ce, wadda ta rage a shanya a kan rufi saboda rani. Tafasa ta kwaɗo ce. Gamba an bar ta ta ƙosa, da kaka za a yanke a saƙa zana. Ba ta karɓar ko sisi, amma madarar da na sha da koko a safiyar nan daga wajensu ta zo, kuma tun rasuwar Baba ba a taɓa kwana uku ba wanda ya leƙo ya ga lafiyarta ba.

Na nuna mata bidiyon duk da haka, ban san dalili ba. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta ga injin yana tafe yana feso ciyawa ta gefe, niƙaƙƙiya kamar an daka. Ta ce, “To ina ciyawar take zuwa?” Na ce ba ta zuwa ko'ina, nan take zama ta ruɓe. Ta miƙo min wayata. “Wannan ai ɓarna ce da inji.”

A cikin karance-karancen da na yi na ci karo da tarihin abin, na wuce shi da sauri don ba ya cikin jadawali. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa a Ingila a 1830, kuma dabarar ya ɗauko ta daga injin da ke aske gashin yadin ulu a masaƙa. Aski ne ke nan tun asali, ba girbi ba. An yi shi ne domin filin da ake so a kalla, filin mai arzikin da ba ya bukatar abin da ƙasarsa ta fitar. Ni na ɗauko wannan zan kawo garin da ake sayar da ciyawa a kasuwa. Sati biyu ina tambayar mutanen Amurka, ban kira matar da ke kwana a gidan na tambaye ta wa ke shiga filin ba. A wurin aiki, ƙaramin ma'aikacin da ya gina manhaja bai zauna da masu amfani da ita ba, ni ne mai yi masa faɗa.

Amma fa macijin gaskiya ne, kuma ban yarda a rufe maganarsa da labarin alheri ba. Uwata ce ke fitowa da asuba. Na faɗa wa dattijon haka, na kira shi Baba kamar yadda kowa ke kiransa. Ya ce in zo. Ya kai ni kusurwar da ke bayan rijiya, inda tsofaffin tayoyin tirela kusan ashirin ke jibge tun zamanin mahaifina, ruwan sama ya taru a cikinsu. Ya buga ɗaya da ƙotar lauje, kwaɗi suka yi tsalle. Ya nuna min ramukan ɓeraye a ƙasa. Ya ce, “Ɗana, maciji ba ciyawa yake ci ba. Ga gidanshi nan, ga abincinshi.” Sun daɗe da sani. Ba su taɓa tayoyin ba ne don kayan marigayi ne, Inna kuma ba ta ce a taɓa ba.

Wannan ce maganar da ta fi wuya, ba ta inji ba. Kwana biyu ina lallaɓa ta. A rana ta uku ta ce a bar mata guda ɗaya. Sauran muka sayar wa masu yankan takalmi da guga, aka kashe macizai biyu wajen kwashewa. Na sa aka share taku goma kewaye da rijiya aka zuba tsakuwa, aka ɗaura fitila mai aiki da hasken rana a kan bishiyar darbejiya. Na saya wa masu yanka takalman roba dogaye da sababbin lauje. Na rubuta wa mutumin Legas na ba shi haƙuri; ya amsa da kalmomin da ba zan maimaita ba.

Ban dawo hannu rabbana ba, don zuciyata ba ta haƙura da inji ba. A Katsina na sayi ɗan ƙarami, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, mai shan fetur gauraye da baƙin mai kamar ƙaramin janareto, wanda Kawu ya ce ko ido rufe zai gyara. Shi daga tushe yake yankewa, ciyawar ta kwanta da tsawonta, a ɗaure. Na ɗauka na samo tsakiya. Jikan dattijon ya gwada shi, cikin rabin awa ya kwantar da abin da gida ɗaya ke yanka a sati. Inna ta fito ta tsayar da shi. Ta ce in an yanke duka yau, gobe awaki su ci me, kuma wa ya ce rabon kowa ya zama na mai riƙe da inji? Ta kafa doka: bakin rijiya da hanyar banɗaki kawai, ranar Juma'a.

Cikin Nuwamba ƙanwata ta sake turo hoto. Gabana ya faɗi kafin ya buɗe. Zana ce sabuwa, guda shida, an jingina su a katangar gabas, Inna ta sa an kewaye mata madafa da biyu. A gefen hoton ana hango injin nawa rataye a ƙusa, an lulluɓe shi da buhu, tayar Baba ɗaya tilo a ƙarƙashinsa, wata akuya ta hau kanta ta kwanta.