Baƙon da Ya Sauka a Gonar Dawaki

Mu Hausawan Umdurman da muka yi ƙuruciya a shekarun 1980, in za mu faɗi gaskiya, akwai labarin da ya yi gogayya da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a zukatanmu, har wani lokaci ya kayar da ita. Sunansa Grendizer. Wani mai zane ɗan Japan, Go Nagai, shi ya ƙago shi, aka fara nuna shi a can a 1975, kashi 74 cif. Kafin shekarun 1970 su ƙare an juya shi zuwa Larabci a Labanan, Jihad al-Atrash ya ara wa jarumin murya, Sami Clark ya rera waƙar buɗewa. Gidan talabijin na ƙasa kuwa a garinmu yake, a bakin Nilu, maƙwabcin gidan rediyon da ya soma magana tun 1940. Saboda haka a tunaninmu na yara, jirgin nan daga bayan unguwarmu yake tashi.

Ga wanda bai sani ba, ga yadda abin yake. Rundunar wani azzalumin sarki, Vega, ta ragargaza wata duniya mai suna Fleed. Yariman ƙasar ya tsere a cikin jirgi mai siffar faifai, ɗauke da wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe, ya faɗo duniyarmu. Wani masanin taurari ya tsince shi, ya riƙe shi ɗa, ya sa masa suna Daisuke, wanda bakinmu ya mayar Daiski. Yarima guda ya koma ɗan aiki a gonar dawaki, yana ɗiban ciyawa, yana share barga. In abokan gaba sun kawo hari sai ya sulale, ya shiga jirginsa, ya gama da su, ya dawo ya ɗauki tsintsiyarsa.

Faɗan kam mun so shi, kuma mun sha fasa wa juna goshi wajen kwaikwayonsa. Amma abin da ya zauna mana har yau shi ne mai gonar, wani gajeren dattijo mai yawan faɗa, Danbei. Bawan Allahn nan ba shi da buri a duniya da ya wuce ya ga mutanen sama ya ƙulla abota da su. Ya kafa hasumiya a gonarsa, kullum yana bisa da madubin hangen nesa, yana kiran baƙin taurari su sauko a gaisa. Alhali baƙon da yake nema yana ƙarƙashin hasumiyar, yana ba dawakinsa ruwa, shi kuma yana daka masa tsawa wai ya nisanci 'yarsa Hikaru. Ana neman wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Iyayenmu mata, waɗanda suka rantse ba sa kallon wasan yara, su ne za ka ji sun fashe da dariya daga bakin murhu in dattijon ya rikito daga hasumiyarsa.

Soyayyar Hikaru da Daiski kuwa irin wadda gidan Bahaushe zai iya kallo ce ba tare da an tashi yara ba. Kallo ne ta gefen ido, da fushin da ba a faɗin dalilinsa, da yarinyar da ta dage sai ta koyi tuƙin jirgin yaƙi don kada a bar ta a baya. Kashi bayan kashi ana ta kewaye, ba wanda ya furta. Yayyenmu mata sun fi mu gane abin da ke gudana. Mu muna jiran makami, su suna jiran kalma.

Sai da muka girma muka fahimci abin da ya sa labarin ya kama mu fiye da yadda ya kama yaran maƙwabta. Ai labarin gidanmu ne. Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram a ƙasa, sun nufi Makka, guzuri ya ƙare a hanya. Wasu sun biyo ayarin da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, hannuwan mutanenmu na cikin waɗanda suka tsinci farin zinariyar. Malami mai almajirai a gida ya zama ɗan ƙwadago a nan, ɗan sarauta ya zama mai jan ruwa. Aka haɗa mu da Fulani da Barebari aka kira mu Fallata, ko Takari, wani lokaci da fara'a, wani lokaci da yatsine. Da yawa daga cikinmu sun iya dabarar Daiski sarai: Larabci tsantsa a makaranta da ofis, Hausa sai an rufe ƙofar gida. Kuma rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, inda aka zubar da jinin Hausawa a kan maganar wane ne ɗan ƙasa, ya tuna mana cewa tambayar "daga ina kuka zo" ba kullum wasa ba ce.

A ƙarshen labarin Daiski ya ɗauki ƙanwarsa Maria suka koma Fleed don su sake gina ta, aka bar Hikaru tana kallon sama. Wannan ƙarshen bai taɓa yi mana daɗi ba, kuma har gobe muna ganin marubucin ya yi wa yarinyar rashin adalci. Namu kakannin ba su koma ba. Sun auri Hikarunsu, ko sun aiko an kawo musu daga gida, suka haife mu.

Akwai dai wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Duk wannan yawo na sararin samaniya da Larabci muka yi shi. Bayan Grendizer muka faɗa wa ƙananan littattafan aljihu na Masar, jerin Malaf al-Mustaƙbal na Nabil Faruƙ da ya soma fitowa a 1984, inda jami'i Nur da abokiyar aikinsa Salwa suka fara da binciken abubuwan al'ajabi suka ƙare da aure. Muna karɓar haya, muna musaya, har bango ya yage. Ƙannenmu kuma tashar Spacetoon ta raine su. Ba wanda ya gaya mana cewa tun 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, inda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi yawon sararin samaniya, da Hausa tsantsa. Littafin bai ƙetaro Chadi ya iso kasuwar Umdurman a zamaninmu ba. Marubutan soyayya na Kano kuma, da suka cika kasuwa tun shekarun 1980, sun ba mu masoya bila adadin, sai dai da wuya ka ga sun ɗaga su sama da rufin soro.

Kayan haɗin kuwa ga su a ƙofar gidanmu. Ranar 7 ga Oktoba 2008 wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman hamadar Nuba, kuma shi ne na farko a tarihi da masana suka hango tun kafin ya iso. Ɗaliban Jami'ar Khartum, tare da malaminsu Mu'awiya Shaddad, suka jeru a cikin rairayi suna tsintar ɓaraguzansa kusa da tashar jirgin ƙasa ta shida, tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad, har duwatsun suka ci sunan Almahata Sitta. To, a ce cikin masu tsintar akwai ɗan mai agashe daga Umbadda, ya sa wani ɗan dutse a aljihu, da dare dutsen ya yi masa sallama. A ce jirgin da ya zo ɗaukarsa matuƙiyarsa budurwa ce mai tsiwa, wadda ba ta taɓa ɗanɗana yajin ƙuli ba, ga kuma kakarsa ta ce ba inda za shi sai da ita da butarta, don ba ta yarda da alƙiblar mutanen sama ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, har ginin talabijin ɗin da ya kawo mana Daiski ya zama fagen daga, zuriyarmu ta sake watsuwa: wasu Kassala, wasu Bur Sudan, wasu Alƙahira, wasu sun bi tsohuwar hanyar kakanni a juye har Kano. Yaran da ke kwana a tsakar gidajen aro, in aka ɗauke wuta, labari suke nema, kuma ba na yaƙi ba, wannan sun gani da idonsu. Mun gwada musu na ɗan mai agashe da Hausa. Sun yarda da jirgin, sun yarda da kakar, amma sun ce lallai a gaya musu ko matuƙiyar za ta zauna ko za ta koma garinsu.