Zawon da ba na ruwan rijiya ba

Shekara huɗu yayata ta yi tana fama da zawo da murɗar ciki, wani lokaci fuskarta ta ɗau zafi kamar ta leƙa murhu. Muka ɗora wa ruwan rijiya laifi. Ta sha maganin taifot, ta sha na tsutsar ciki, ta sha jiƙe-jiƙe. Littattafan likita sun ce fuskar mai wannan ciwo takan yi ja, to a baƙar fata irin tamu wa zai ga jan?

Sai da muka sayar da gonar gado aka kai ta waje, sannan aka gano ƙari ne a ƙaramin hanji, wanda ya riga ya taɓa hanta. Likitoci na kiransa niyuro-endokirin. Yana tasowa daga ƙwayoyin da ke zuba sinadaran aike cikin jini, kuma yawanci a hankali yake girma. Danginsa ne ya yi ajalin Steve Jobs a 2011.

Ni malamin makaranta ne, sai da na sa likitan ya maimaita mini bayani har na gane. Ƙwayoyin ƙarin suna da wasu ƙofofi a jikinsu, kuma akwai sinadarin da ya san ƙofofin kamar ɗan aike da ya san gida. Karon farko sai a ba shi fitila, wato galiyom 68, a yi allura, na'urar PET ta nuna duk inda ya tsaya. Ƙarfin fitilar yana raguwa da rabi cikin minti 68, don haka dole a haɗa ta kusa da majinyaci. In hoto ya nuna ƙofofin, sai a ba ɗan aiken garwashi, wato lutesiyom 177, wanda ƙunarsa ba ta wuce wajen milimita 2 ba. Sau huɗu ake yi, mako takwas tsakani, tare da ƙarin ruwa don kare ƙoda. Turai ta amince da maganin a 2017, Amurka a 2018.

Bai warkar da Yaya ba. Amma zawon ya lafa, ƙarin ya tsaya, har ta aurar da autarta.

Abin da ke cina shi ne, lutesiyom ɗin a tukunyar nukiliya ake samar da shi, tukunyar kuwa da yuraniyom take aiki, irin wanda ake haƙowa a Arlit tun 1971. Mu kuma sai a 2021 aka fara gashin kansa a Yamai.

Iyaye, zawon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa wata da watanni, a daina sayen ƙwayoyi a tebur, a je likita a nemi bincike. Ƴan uwana malamai, yaron da ke son lissafi da kimiyya a riƙe shi da kyau. Wanda ya haɗa allurar Yaya ma daga bencin firamare ya fara.