Kwana a Kan Sirdin Keke: Abin da Na Gani a Shropshire

Aiki ne ya kai ni Manchester a watan Yuli. A ofishin da aka tura ni akwai wani dattijo Bature da ya haura sittin, kullum a kan keke yake zuwa, ko ana ruwa ko ana iska. Ganin furfurarsa na riƙa ce masa Baba, shi kuma ya karɓi sunan da murna. Shi ya gayyace ni kallon tseren da ƙungiyar Mersey Roads take shiryawa duk shekara, inda mutum zai hau keke ranar Asabar da rana, ya yi ta tuƙi har Lahadi daidai lokacin da ya tashi. Awa 24 cur. Na ce da ni za a je.

Hanya ba ta da labari. Jirgin ƙasa ya sauke ni a Whitchurch, wani ƙaramin gari a yankin Shropshire, ƙasar makiyaya shanun madara.

Masaukin da na kama kuwa sai dai a ce Allah ya sawwaƙe. Ɗaki ne a saman mashaya, darduma na warin danshi, taga ba ta rufuwa, banɗaki ba buta ba bokiti. Da safe aka ajiye mini faranti da naman alade a kai, ba wanda ya tambaye ni abin da nake ci. A garinmu baƙo ko a zaure ya kwana, sai an kai masa ruwan alwala da koko da ƙosai, kuma ba a karɓar masa ko sisi. Nan kuwa an karɓi kuɗi masu kauri an bar ni da yunwa.

Duk wannan ya bar raina da muka isa shataletalen Prees Heath, inda masu taimaka wa mahaya suke kafa tantuna. Daga ƙauyen Farndon aka saki mahayan, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti guda. Kowa da lambarsa a baya. Doka ta hana ka laɓe a bayan wani don ya tare maka iska: in ka kamo mutum ka wuce shi, in an kamo ka ka ja da baya. Ba a rufe titi, motoci na ta harkarsu. Abokin hamayyar kowa shi ne agogo.

Baba ya ba ni asalin wannan tsari, kuma tsoron 'yan sanda ne ya haife shi. A 1890 ƙungiyar masu keke ta ƙasar ta hana tsere a kan titi. A 1894 wani doki da ke jan keken wata mata ya firgita da ayarin masu tsere, ta kai ƙara wurin hukuma. Sai Frederick Bidlake na ƙungiyar North Road ya kawo dabara: in kowa ya tashi shi kaɗai, wa zai ce tsere ake yi? A watan Oktoba na 1895 aka yi na farko, mil 50. Shekaru da dama ana yin sa a ɓoye, da asubar fari, mahaya sanye da baƙaƙen kaya tun daga wuya har idon sawu, kuma ana kiran hanyoyin da haruffa da lambobi don kada jama'a su taru. Ɓoyon ya wuce, amma lambobin hanyoyin na nan har yau.

Mahayan da na gani ba 'yan wasan albashi ba ne. Malaman makaranta ne, da injiniyoyi, da ma'aikatan asibiti, da waɗanda suka yi ritaya. Su suke biyan kuɗin shiga daga aljihunsu. Akwai masu keken zamani da ƙafar baya a rufe ruf, sun kifa a kan kan keken da hular kwano mai tsini, akwai mata, akwai masu keke mai ƙafa uku, akwai mutum biyu a kan keke ɗaya mai sirdi biyu.

Da dare abin ya fi kama zuciya. Ko da yake daren Yuli gajere ne a Ingila, sanyinsa na shiga ƙashi. Daga nesa sai ka hango fitila guda tana tahowa, mai rubutu ya ƙwala kiran lamba. Na ga wata mata ta riƙe gorar ruwa, ta ruga a gefen titi daidai saurin mijinta har ya fizge, bai ko tsaya ba. Wani ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, gishirin gumi ya yi fari a rigarsa, ɗansa na ɗura masa shinkafa da madara da cokali, wani na canza masa batirin fitila. Wuyansa ya gaji har da ƙyar yake ɗaga kai. Minti biyu bai cika ba ya sake harba feda ya shige duhu.

A nan na ga karamcin da na rasa a masauki. Matar Baba, wadda tun magariba take gaban tukunyar shayi, ta tambaye ni abin da addinina ya hana ni, sannan ta zuba mini miyar ganye da burodi. Da lokacin salla ya yi, Baba ya kai ni bayan motarsa, ya shimfiɗa mini rigar ruwansa, ya tsaya gefe har na idar. Allah ya saka musu da alheri.

Ƙarshen tseren akwai hikima. A awannin ƙarshe ana tura kowa wata gajeriyar hanya da ake zagayawa, an dasa masu agogo a wurare daban-daban. Lokacin mutum na cika, sai ya ƙarasa wurin mai agogo na gaba, a lissafa nisan da ya ci. Da yawa a nan suke zubewa kan ciyawa. Daga nan sai zauren ƙauye, a mayar da lamba, a sha shayi da kek.

Alƙaluman kuma ba a wasa da su. A 1956 Ray Booty ya zama na farko da ya ci mil 100 cikin ƙasa da awa 4. A 2011 Andy Wilkinson ya ci mil 541 cikin awa 24, wato kusan daga Kano zuwa Abuja da dawowa. Amma sunan da ya fi yawo a bakin dattawan shi ne na Beryl Burton, matar da take aiki a gona a Yorkshire. A 1967, a tseren awa 12, ta kamo Mike McNamara yana cikin kafa tarihin maza, ta miƙa masa alewa ta wuce. Shi ya ci mil 276.52, ita 277.25. Shekara 25 a jere, daga 1959 zuwa 1983, ita ce gwanar gwanayen matan Birtaniya.

Ban yarda ƙafar Bature ta fi tamu ba. Duk wanda ya ga manomi ya ɗaure buhun masara a bayan Raleigh ya keta yashi zuwa kasuwar ƙauye cikin zafin bazara ya san muna da maza. Abin da suka fi mu shi ne tsofaffin da za su kwana a bakin titi kyauta suna nuna hanya, da littafin da aka rubuta lokacin kowa a ciki, na farko da na ƙarshe, shekara bayan shekara.

Komawa Manchester barci kawai na yi. Kirana ga ƙungiyoyin matasa na Kano da Katsina da Maraɗi shi ne su auna mil goma a hanya mai lafiya, su nemi izinin hukuma, su samo agogo da littafi da dattawa biyu masu amana, su fara sakin masu keke ɗaya bayan ɗaya bayan sallar asuba.