Kwana Cikin Mota Da Hunturu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka fili kaɗan in yi wa matafiya gargaɗi.

Kowa ya san Sakkwato da zafi, gama a watan Afrilu ma'auni ya kan wuce awo 40. Amma daga Disamba zuwa Janairu iska ta kan taso daga Hamada ta arewa maso gabas, da ƙura da bushewa, har da asuba ma'auni ya sauko wajen 15. A wannan lokaci direbobi da yaransu masu bin hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ta Gusau zuwa Zariya, su kan kwana cikin motocinsu don tsaron kaya.

A Amurka da Turai akwai mota mai ɗaki, da gado da madafa a ciki, masu ita suna kwana cikinta har a ƙanƙara don shaƙatawa. Sanyinsu ya fi namu nesa, har ruwa ya daskare cikin bututu. Duk da haka murhunsu na ɗumama ɗaki waje ya ke fitar da hayaƙinsa, kuma suna rataye wata na'ura mai ƙara in iska ta ɓaci.

Mu kuwa sai mutum ya rufe tagogi ruf, ya shigo da kaskon gawayi, ko ya bar inji yana aiki. Nan haɗarin ya ke. Gawayi in ya ci a wuri rufaffe ya kan fid da wata iska mai dafi, ba ta da launi, ba ta da wari. Jini ya fi kama ta fiye da iskar da mu ke rayuwa da ita sau 200. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, amma mai barci ba ya ji, sai dai a wayi gari a tarar da gawa.

Saboda haka a ji ɗumi a waje, a kashe wutar kafin a kwanta. A bar taga a buɗe kamar yatsa biyu. A shimfiɗa tabarma da bargo a ƙasa, gama ƙarfe shi ke zuƙe ɗumin jiki. Wanda aka samu ya galabaita a fito da shi sarari, a kai shi asibiti nan da nan.

Malamai da akawuna, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Gidan Dahala, Sakkwato.