Shekarar da Gyaɗa Ta Kuturce

Ina firamare a Kafanchan a 1975, shekarar da gyaɗa ta kuturce. Baba ma'aikacin reluwe ne, yana da 'yar gonarsa a hanyar Kagoro. Damina ta yi kyau, amma ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, kowane tushe ya dunƙule ya ƙi bazuwa. In ka juya ganye sai ka ga darɓa baƙi ƙirin, yatsunka su yi danƙo. Ranar cira Inna ta yi ta girgiza tushe, ba komai sai ƙasa da kwanso fanko. Ta ce, "Malam, ko irin baɗi ba za mu fitar ba."

Ba mu kaɗai ba ne. Annobar ta cinye kusan hekta 700,000 a Arewa. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda fari ya riga ya raunana, ba ta sake tashi ba.

Sai da na girma na san darɓar 'yar aike ce: ƙwayar bairos take ɗauka daga tsiro zuwa tsiro. Maganin kuwa yana cikin irin kansa. Tun a shekarun 1950 masana suka gano wata gyaɗar gargajiya a iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa wadda cutar ba ta kayar da ita. Illarta daɗewa kafin ta nuna. Juriyar kuma ɓoyayyen gado ce, sai an samo ta daga uwa da uba take bayyana. Haka masana a cibiyar binciken noma ta IAR Samaru, tare da takwararta ta duniya ICRISAT, suka yi ta auratayya da hannu: a cire mazakutar fure da yamma, a shafa masa ƙurar wani da sassafe, a jira damina ta yi alƙalanci. Daga wannan haƙuri aka samu irin gyaɗa Samnut 23, sannan Samnut 24 a 2011, masu juriya da saurin nuna.

A 2023 citta ta ruɓe a Kachia da Jaba da Kagarko. Wannan karon cutar fangas ce, amma matsalar iri ɗaya ce: yanki guda ya dogara da irin citta biyu, Tafin Giwa da Yatsun Biri, ana dasa su daga saiwa shekara da shekaru. Feshi na iya ceton damina ɗaya. Abin da citta ke buƙata shi ne abin da gyaɗa ta samu: masana da za a ba kuɗi da lokaci su nemo iri mai juriya.