Hoton da kaka ba ta gane ba

Bara, ranar raba kyaututtukan ƙarshen shekara, na tsayar da ƴan ajina na CM2 a farfajiyar lakwal na ɗauke su hoto. Ni ba gwanin hoto ba ne. Malamin makaranta ne, shekara 20 da ɗoriya ina riƙe da alli tun da na fito makarantar horon malamai. Amma tun da ƙanena ya aiko mini da wata tsohuwar kyamara daga Yamai, kowane taron lakwal ni ake nema.

Rana ta take tsaka, ƴan matan kuma suna sanye da fararen hijabai. Da na duba hotunan da dare, hijaban sun fito tas, fuskokin kuwa sun nutse cikin duhu. Daga baya na gane dalili: kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne a dunƙule. In fari ya yi yawa sai ta rage haske, baƙar fata ta biya bashin.

Wani matashin malami ya sa mini wata manhaja a salula, ya ce taɓawa ɗaya take bukata. Na taɓa, fuskoki suka washe. Na wanke hoton yarinyar da ta zo ta ɗaya, na kai gidansu da kaina. Kakarta ta karɓa, ta matsar da shi kusa da ido, ta janye shi nesa, sannan ta ce: "Mushe, wannan ƴar wa ce?"

Sai a lokacin na dubi hoton da kyau. Fatar ta yi fari, hancin ya sirance, tsagar gadon da ke kumatunta ta ɓace. Amma ba tambayar kakar ce ta hana ni barci ba. Yarinyar ce, mai shekara 12, ta riƙe hoton ta ce: "Mushe, ka bar mini shi, a nan na fi kyau."

Mu da muke yi wa yara faɗa kan man shafe-shafen canza launin fata, ga shi ni da hannuna na nuna wa ɗalibata yadda za ta zama in ta shafa. Cikin hutun nan na zauna neman manhajar da zan yi aiki da ita ba tare da na sake wannan ɓarna ba.

Kowa ya ce Photoshop. Babu musu, ita ce uwa a wannan fage. Sai dai tun 2013 kamfanin Adobe ya koma tsarin haya: kana biya duk wata ta katin banki, ranar da ka daina ta rufe. Albashin malami bai kai can ba, tsohuwar kwamfutata ma ba za ta ɗauke ta ba. Wani mai gyara a kasuwa ya ce zai sa mini ta sata da jaka biyu. Na ƙi. Irin waɗannan sau da yawa da cutar kwamfuta suke zuwa, sannan da wane baki zan hana yaro satar amsa ranar jarrabawa?

Na gwada GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Bakili a Amurka suka fara a 1995. Kyauta ce, halal, ba ta bukatar intanet, kuma ana iya sa ta da Faransanci. Tana da wuyar sabo. Na yi mako biyu ina ɓata cikinta kamar baƙo a babbar kasuwar Maraɗi. Na gwada darktable, ita ma kyauta, wadda ba ta taɓa ainihin hoton, gyaran da ka yi a gefe take ajiye shi. A salula kuma na tsaya kan Snapseed ta Google, wadda ke aiki ko babu kuɗin intanet. A cikinta na samu abin da nake nema tun farko: ka ɗora yatsa kan fuska, ka ƙara mata haske ita kaɗai, hijabi ya tsaya yadda yake. Su ma waɗannan suna da kayan shafe tabo, amma sai ka je ka ɗauko su da niyya. Ba sa yanke maka hukunci a ɓoye.

Ga malami ko uba da ke son zaɓa, tambayoyi uku nake ba da shawara. Shin manhajar haske take gyarawa ko halitta? Gwada ta da fuskar da ka sani sosai, ka ajiye na asali kusa da wanda aka gyara. Shin tana aiki in an kashe intanet? Wadda ba ta yi, sau da yawa tana aika hoton ne zuwa na'urorin kamfaninta, kuma ƴaƴan mutane amana ne a hannunmu. Shin tana bar maka na asali? Hoton JPEG yana rasa inganci duk lokacin da aka gyara aka sake ajiye shi, don haka kwafi ake gyarawa. Haka in za ka aika wa mai wanki ta WhatsApp, aika shi a matsayin takarda, in ba haka ba za a matse shi.

Darasi mafi araha kuwa ba ya cikin kowace manhaja. Bana ƙarƙashin bedi na tsayar da yaran, da hantsi, fuskarsu na kallon fili. Kusan babu abin da na gyara.

Hoton waccan yarinya na sake shi daga na asali, na ɗaga inuwar fuskar kawai. Kakar na gani ta yi dariya ta ce: "Yauwa, ga tsagar gidanmu." An rataye shi a ɗaki. Na farkon kuwa ban karɓe ba, kuma an ce mini har yanzu yana cikin jakar yarinyar, tsakanin littattafanta na kolej. Wannan gyaran ya fi ƙarfin salula. Namu ne, malamai da iyaye.